Wa ta fi rera Knoxville na Barber, Steber ko Price ko Upshaw?

Sadiq_Ohio:
Salam jama'a. Zan taɓo wata magana da na san wasu a gidan nan ba za su ji daɗinta ba amma dai a yi haƙuri. Duk inda aka zo zancen Knoxville: Summer of 1915 na Samuel Barber sai ka ji ana cewa faifan Leontyne Price na 1968 shi ne ƙarshen zance, wai daga shi babu wani. Ni kam ban yarda ba. Muryar Price ta yi wa waƙar nan yawa. Labarin fa na yaro ne ɗan shekara biyar yana kwance kan bargo a ciyawar bayan gidansu da daddare, ga babansa ga mamarsa ga kawu ga anti, yana kallon taurari yana jin hirar manya sama-sama, amma da zarar Price ta buɗe maƙogwaro sai yaron ya ɓace ka ga Aida, jarumar operar da Price ta yi suna da ita, tsaye a kan dandamali. A wurina na Dawn Upshaw ya fi, wanda kamfanin Nonesuch ya fitar a 1989, David Zinman ne ya ja makaɗan Orchestra of St. Luke's. Mai ja ya fito.

Zinariya_Kd:
Hhhh tun da sassafe ka tsokano tsuliyar dodo. Bari Baba ya buɗe waya ka gani

Bakatsine77:
Don Allah ku riƙa tausaya wa sababbin shiga irinmu. Wannan opera ce ko mene ne? Ni Barber ɗin da na sani shi ne mai kiɗan nan na baƙin ciki da ake sawa a finafinai idan an mutu

Ummu_Hanan:
@Bakatsine77 wancan Adagio for Strings kake nufi, shi ne dai mutumin. Wannan kuma ba opera ba ce, babu wasan kwaikwayo babu shiga ta musamman, mawaƙiya ɗaya ce za ta tsaya gaban makaɗa ta rera, minti 16 ko kusa da haka an gama. Kalmomin ma ba baitoci ba ne, rubutun zube ne na wani marubuci James Agee yana tuna unguwarsu a garin Knoxville na jihar Tennessee lokacin yana ƙarami. Kuma 1915 ɗin ba haka kawai ya zaɓe ta ba, ita ce bazarar ƙarshe da ya yi da mahaifinsa, a 1916 uban ya rasu a hatsarin mota. Shi kuma Barber ya ɗora kiɗa a kai a 1947 daidai lokacin nasa mahaifin na kwance ba lafiya, a shekarar ya rasu, shi ya sadaukar wa aikin ma.

To a nan ne nake ganin Sadiq ya kauce hanya. Ba yaro ba ne ke magana, babba ne yake tuna yarinta kuma ya riga ya san abin da zai faru. Wane yaro ɗan shekara biyar ne zai ɗaga hannu ya roƙi Allah ya tuna da iyayensa da alheri a sa'ar da za a ɗauke su? Wannan addu'ar wanda ya yi rashi ce. Kuma idan aka zo wurin nan, inda makaɗan suka taso gaba ɗaya, Upshaw ba ta da abin da za ta tare su da shi, Price kuwa sai ta hau samansu ta zauna. Ka je ka sake saurara tsakani da Allah.

Sadiq_Ohio:
Anti Ummu ban ƙi ta taki ba cewa babba ne ke tunawa. Amma addu'ar nan minti nawa ce a cikin sha shida? Don minti biyu ba zan sayar da sauran ba. Farkon waƙar fa mutane ne zaune a barandar gida suna lilo a kujera, doki na wucewa da keke, mota mai ƙara mota mara ƙara, masu yawo bibbiyu suna tafe suna hira. Abubuwa ne ƙanana, suna son a faɗe su kamar ana ba da labari, ba a cika su da murya ba

Baba_Garmaho:
Assalamu alaikum. Yara duk kun tsallake mai kayan kuna rigima a kan 'yan aro. Eleanor Steber ita ce ta nemi Barber ya rubuta mata waƙar nan, ita ta biya, ita ta fara rera ta a Boston a watan Afrilun 1948, Serge Koussevitzky ne ya ja makaɗan Boston Symphony. A lokacin makaɗan da yawa ne don haka Koussevitzky yake so, daga baya Barber ya zauna ya rage su ya mayar da abin na 'yar ƙaramar ƙungiya, kuma wannan ragaggen shi ne wanda kusan kowa ke yi yau. Shi Steber ta ɗauka wa kamfanin Columbia a 1950, William Strickland na jan makaɗa.

Na yi aiki a ɗakin ajiye faya-fayai na wani gidan rediyo shekaru masu yawa, irin waɗannan faya-fayan na kiɗan Turawa suna can layin ƙasa ba mai taɓa su sai ƙura, ni ne nake ɗauko su in goge da ƙyalle in ɗora idan an tashi aiki. Abin da ba ku sani ba ku 'yan waya, ɗaukar wancan zamani murya ɗaya ce tak ke fita, babu dama babu hagu, sai a 1958 aka fara sayar da faifai mai hanya biyu. To saboda haka injiniyoyin kan matso da mawaƙiya kusa da makirfo su tura makaɗa baya. Shi ya sa a faifan Steber kowace kalma kana jin inda ta fara da inda ta ƙare, har fitar numfashinta. Akwai ɗan shuuu na allura a ƙasa, bayan minti ɗaya kunnenka zai manta da shi. Ku saurari wurin da taragon lantarki ya shigo unguwar, kiɗan ya rikice ya yi sauri, ƙarfe na kuka wuta na tartsatsi a saman waya. Wurin nan mawaƙa da yawa haɗiye kalmomi suke don su tsira, ita kuwa tana tauna su ɗaya bayan ɗaya kamar ta ga taragon da idonta. Ta kuma gan shi, don a Wheeling ta jihar West Virginia ta tashi, garin ma'aikata.

Kuma ku gode wa Allah Columbia ta fito da dogon faifai a 1948. Da a tsohon faifan garmaho mai gudu 78 ne, kowane gefe minti huɗu da 'yan kai yake ɗauka, sai an yanka waƙar nan gida huɗu kana tashi kana juyawa.

Zinariya_Kd:
Ban faɗa ba 😂 Baba Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana

Dan_Sakkwato:
Ni kam ina bayan Baba. Wanga faifai na Steber shi na fara ji kuma duk waɗanda anka yi bayanai ban ga wanda ya kai shi gaskiya ba. Price ta hi ta daɗin murya, wannan ba gardama, amma daɗin murya daban iya ba da labari daban. Steber ba ta tsayawa shafa wa kowace kalma mai, tahiya takai

Sadiq_Ohio:
Baba Allah ya ja kwana, ba na ja da ku, amma kasancewar ita ta biya kuɗin ba ya nufin ta fi kowa iyawa. Kuma muryar Steber akwai wata 'yar tsini a sama da take sukar kunne idan da iyafis kake ji

Baba_Garmaho:
To ka cire iyafis ɗin mana ɗana. Ba don shi aka yi faifan ba.

Bakatsine77:
Na je YouTube na saurari na Price ɗin yanzu. Gsky zan faɗa ko za a kore ni daga gurup, ban ji kalma ko goma ba. Turancin nan dai na yi makaranta ina ji, amma wannan uuuu aaaa kawai nake ji. Mu fa waƙa a wurinmu magana ce, idan mawaƙi ya yi baiti ba a gane me ya ce ba ai bai yi komai ba komai daɗin kiɗan. Farkon dai ya min daɗi, sarewar nan da ke lilo a hankali, har na tuna lokacin zafi idan an fito da tabarmi tsakar gida bayan isha'i manya na hira mu muna kwance muna gyangyaɗi. Amma da ta fara hawa sama sai na rasa inda aka dosa

Malam_Solfa:
@Bakatsine77 ba za a kore ka ba, ƙorafinka su kansu Amurkawa suna yi. Dalilin shi ne irin wannan rerawa an gina ta ne don mutum ɗaya ya cika babban zaure ba tare da makirfo ba, ga makaɗa arba'in ko fiye a bayansa. Dole ya buɗe maƙogwaro ya zagaye baki don muryar ta yi nisa. To mace mai siririyar murya idan ta kai can ƙololuwa, wasulan duk komawa suke kusan iri ɗaya, ba laifinta ba ne haka halittar take, idan ta nace sai ta furta i ko u yadda ake faɗa a magana sautin zai shaƙe. Shi ya sa masu tsara kiɗa da suka san aikinsu suke ajiye muhimman kalmomi a tsakiyar murya. Barber ya san wannan sarai don shi ma mawaƙi ne, akwai ɗaukar 1935 inda shi da kansa ya rera Dover Beach, kuma antinsa Louise Homer babbar mawaƙiya ce a Metropolitan Opera.

Shawarata ka nemo rubutun Agee ka ajiye a gabanka sannan ka sake ji. Sannan wace sifika ka yi amfani da ita? Idan ta waya ce to rabin makaɗan ma ba su iso kunnenka ba, manyan gogen nan masu kauri sam waya ba ta fitar da su

Bakatsine77:
Ta waya ce malam. Data ma a 144p na sa

Zinariya_Kd:
Innalillahi 😭 Leontyne Price a 144p

Hajjo_Maradi:
Bakatsine in kalmomi kake so ka bar mata tukuna ka fara da namiji. Nemi William Warfield a Old American Songs na Aaron Copland, ɗaukar 1962, Copland ɗin da kansa ne ya ja makaɗa. Tsofaffin waƙoƙin mutanen karkara ne da na coci da na yara ya tattaro ya yi musu sabon kiɗa, kashi biyu, na farko 1950 na biyu 1952. Muryar Warfield mai kauri ce kuma ba ya ɓoye ko harafi ɗaya. Akwai wadda yake kwaikwayon kukan kyanwa da agwagwa da alade, ɗiyata ba ta barin in wuce ta sai an maimaita. Abin dariya ma waƙoƙin Amurka ne amma a Ingila aka fara rera kashi na farkon, Peter Pears ya rera Benjamin Britten na kaɗa masa fiyano

Ummu_Hanan:
Kuma Warfield ɗin mijin Price ne a da, sun yi aure a 1952 lokacin suna yawon wasan operar Porgy and Bess tare. Kun ga duk inda aka zaga gidanta ake dawowa

Sadiq_Ohio:
Anti wannan ai ba hujja ba ce 😂

Abba_Tudunwada:
Tunda an shigo Copland, Lincoln Portrait fa? Ai shi ma murya ce da makaɗa. Ni shi na fi so don babu uuuu aaaa ɗin da Bakatsine ke kuka da shi, mutum ne zai tsaya ya karanto maganganun Abraham Lincoln kiɗa na tashi a bayansa. Na James Earl Jones da makaɗan Seattle idan ya yi magana har cikinka kake ji

Malam_Solfa:
Murya ce amma ba rerawa ba ce, shi ya sa ma kowa ke iya shiga. Henry Fonda ya yi, Katharine Hepburn ta yi, Adlai Stevenson ɗan siyasa ya yi, Janar Norman Schwarzkopf na yaƙin Gulf ya yi, har Margaret Thatcher ta Ingila ta ɗauki nata. An rubuta shi a 1942 ana tsakiyar yaƙin duniya don a zaburar da mutane. Amma ka ji ikon Allah, a 1953 an shirya za a kaɗa shi a bikin rantsar da shugaban Amurka Eisenhower sai wani ɗan majalisa ya tada ƙura wai Copland na da alaƙa da 'yan gurguzu, aka cire shi, kuma a shekarar aka kira shi gaban kwamitin Sanata McCarthy mai farautar 'yan gurguzu ya sha tambayoyi

Abba_Tudunwada:
Thatcher?? Wlh sai na nemo wannan ko don in yi dariya

Kwamared_Isa:
Ina ta karanta ku tun ɗazu, akwai abin da ba wanda ya taɓo. Wannan yamma mai sanyi da Agee ke ba da labari, yammar unguwar fararen fata ce a Kudancin Amurka lokacin wariya. Shekara huɗu bayan 1915 ɗin, a 1919, a garin Knoxville ɗin nan aka yi tarzomar ƙabilanci aka far wa unguwar baƙaƙe. To yanzu ku duba wadda ta tsaya ta rera a 1968. Baƙar mace ce haifaffiyar Laurel a jihar Mississippi, kuma a watan Afrilun shekarar aka harbe Martin Luther King a Memphis, jihar Tennessee ɗin dai. Ita ta ɗauki wannan yarintar ta ce tawa ce ni ma, nima na san barandar nan na san warin ciyawar nan. Sadiq kana cewa muryarta ta yi yawa, ni kuwa nauyin da ke cikinta shi ne abin da nake nema. Upshaw ta iya, ba na raina ta, amma tata tsaf take kamar ba abin da ya taɓa faruwa a garin.

Sai dai kuma wani abu da ke ci min tuwo a ƙwarya, kamfanonin nan sun yarda baƙar fata ya rera, Marian Anderson, Price, Warfield, Martina Arroyo, Kathleen Battle, Barbara Hendricks, amma idan baƙin ne ya rubuta kiɗan sai ka sha wahala kafin ka samu faifai. William Grant Still ya rubuta And They Lynched Him on a Tree a 1940, rukunin mawaƙa biyu ne ɗaya farare ɗaya baƙaƙe, ga mace mai rera kukan uwar wanda aka rataye ga mai ba da labari, makaɗan New York Philharmonic suka fara yi, amma sai wajen shekarun 1990 aka samu ɗaukar kirki a kasuwa. Knoxville kuwa ƙirga faya-fayansa ma aiki ne.

Dan_Sakkwato:
Kwamared kullum sai ka kawo siyasa. Kunne munka zo da shi nan ba tarihi ba. In an rufe maka ido anka sa faifai ba ka san launin mai waƙa ba, mi za ka ce?

Kwamared_Isa:
Zan ce Price ce, don daƙiƙa biyar ta isa a gane ta. Kuma wanda ya ce kunne ba ya tafiya da tarihi to me ya sa Baba ya ba mu labarin wadda ta biya kuɗi?

Ummu_Hanan:
A ƙara da George Walker a lissafin Kwamared. Lilacs ɗinsa na murya da makaɗa shi ya ci kyautar Pulitzer a 1996, shi ne baƙar fata na farko da ya ci ta a fannin kiɗa. Boston Symphony ce ta nema don girmama Roland Hayes, wani baƙar fata mawaƙi, Seiji Ozawa ya ja, Faye Robinson ta rera, kalmomin daga marsiyyar da Walt Whitman ya yi wa Lincoln ne. Ku faɗa min cikinku wa ya taɓa ji? Ɗaukar da aka daɗe ana samu ma da makaɗan wata jami'a ce ta Arizona, ba Boston ɗin ba. Kuma makarantarsu ɗaya da Barber, Curtis da ke Philadelphia, malaminsu ma ɗaya Rosario Scalero. Ba shi da sauƙin shiga kunne kamar Barber, wannan kam gaskiya ne, kiɗan a murɗe yake, amma minti goma sha ne kawai ba zai kashe mutum ba

Baba_Garmaho:
Kwamared ka yi gaskiya amma a ba Columbia haƙƙinta ko kaɗan ne. Tsakanin 1974 da 1978 sun fitar da jerin faya-fayai tara na baƙaƙen masu tsara kiɗa, Paul Freeman ya ja makaɗa. Akwai Still a ciki akwai Walker, kuma akwai namu na gida, Fela Sowande mutumin Abeokuta, an sa wani ɓangare na African Suite ɗinsa. Ya ƙare rayuwarsa yana koyarwa a Amurka, a Ohio ya rasu 1987, can wajenku Sadiq. Sony ta sake fitar da jerin gaba ɗaya a akwati a 2019.

Abba_Tudunwada:
Baba Fela mai Afrobeat?

Baba_Garmaho:
A'a ɗana, wannan ya girme shi nesa, an haife shi 1905, makaɗin ogan ne na coci.

Nas_Rabi:
Ni ban san su Steber ba sosai amma bari in sa baki da wanda ya taɓa ni. The Wound-Dresser na John Adams, 1989, Sanford Sylvan ya rera, shi ma Nonesuch ne kuma Adams da kansa ya ja makaɗan. Whitman ne dai, lokacin yaƙin basasar Amurka yana zagaya asibitocin Washington yana jinyar sojoji. Ba ya ɓoye komai, bokiti cike da tsumma da jini, dungulmin hannun da aka yanke, yaron da ya juyar da kai ba ya son kallon ciwonsa. Wanda ya taɓa aikin dare a ɗakin 'yan hatsari ya san wannan juyar da kan, kana warware bandeji mara lafiya na kallon bango kai kuma dole hannunka ya tsaya cak ko me ka gani a ƙasa. Abin da ya sa nake son Sylvan bai yi kuka a ciki ba ko sau ɗaya, a natse yake faɗa kamar mai ba da rahoto ga wanda zai karɓe shi aiki, goge ɗaya siriri na shawagi can sama. Da ya zuba tausayi a muryar da ya ɓata. An ce lokacin da Adams ke rubutawa mahaifiyarsa na jinyar mahaifinsa mai ciwon mantuwa. Na ji na Nathan Gunn a Naxos shi ma ba laifi amma ya fi Sylvan son a ji daɗin muryarsa

Sadiq_Ohio:
Yawwa Sista Rabi kin faɗi abin da nake ta ƙoƙarin faɗa. Da ya zuba da ya ɓata. To haka Knoxville yake. Kiɗan Barber ya riga ya ɗauki baƙin cikin, idan mawaƙiya ta ƙara nata a kai sai ya yi yawa. Upshaw ta bar makaɗa su yi kukan ita tana ba da labari

Nas_Rabi:
A'a fa kar ka ja ni ɓangarenka, ni ban ce komai a kan Price ba 😂

Musa_Kumasi:
Upshaw da Zinman ba su ne suka yi faifan nan da ya sayu sama da miliyan ba? Mai waƙar uwa da ɗa, a hankali a hankali kusan awa guda

Malam_Solfa:
Su ne, 1992, amma wancan Górecki ne mutumin Poland, da makaɗan London Sinfonietta, ba ya cikin zancenmu na Amurka. Sai dai idan shi ya kawo ka wurin Upshaw to ka nemi wanda ta yi da Thomas Hampson a kamfanin Teldec, Hugh Wolff da makaɗan Saint Paul. Shi ya rera Old American Songs ita kuma ta rera waƙoƙin Emily Dickinson guda takwas da Copland ya mayar na makaɗa daga cikin sha biyun da ya yi wa fiyano a 1950. A nan kam ko ni ba na haɗa ta da kowa, siririyar muryar ta dace da gajerun baitocin matar nan

Zinariya_Kd:
To ni bari in raba gardama. Sadiq ka ce Upshaw, ai don ta ci Grammy da faifan ne ake ta zuzuta shi

Ummu_Hanan:
Idan Grammy ce Price ma ta ci da nata faifan na Barber, shekara ashirin kafin Upshaw. Kuma ku tuna me ke ɗaya gefen faifan, ɓangarori biyu ne daga Antony and Cleopatra, operar da aka buɗe sabon ginin Metropolitan da ita a 1966 ta faɗi ƙasa warwas 'yan jarida suka yi wa Barber ca. Thomas Schippers ne ya ja a daren, shi ne kuma ya ja a faifan nan da makaɗan New Philharmonia na Landan. Kamar sun dawo ne su wanke abokinsu. Tun 1953 Barber ke aiki da Price, shi ya kaɗa mata fiyano da ta fara rera Hermit Songs a Washington, ya san muryar ciki da bai. Da yana ganin ta yi wa Knoxville yawa ai da ba a kai ga situdiyo ba

Sadiq_Ohio:
Wannan hujjar irin ta Baba ce, wa ya san wa, wa ya biya wa. Ni abin da ke fitowa daga sifika nake magana. Ku sa ƙarshen waƙar, inda aka ɗauki yaron aka kai shi gado yana cewa mutanen nan suna ƙaunarsa amma ba za su taɓa faɗa masa ko shi wane ne ba. Ku ji na Price ku ji na Upshaw a jere sannan ku dawo

Hajjo_Maradi:
Na yi hakan yanzu. Upshaw tambaya take yi, Price kuwa ta riga ta san ba za a amsa ba. Ban san wanne ya fi ba wallahi, ya danganta da ranar

Dan_Sakkwato:
Steber kuma ba ta tsaya jan shi ba ta faɗa ta wuce, shi ya sa ya hi ciwo

Zinariya_Kd:
Ba wanda ya ambaci Kathleen Battle fa, ita ma ta rera Knoxville da André Previn, a faifan Honey and Rue wanda Toni Morrison ta rubuta wa kalmomi. Makaɗan St. Luke's ɗin dai na Upshaw. Muryarta ƙarama ce mai haske irin wadda Sadiq ke so, kuma Kwamared ba zai ce ba ta san tarihin ba. Ko ita za mu ba kowa ya huta? Akwai kuma Barbara Hendricks da Michael Tilson Thomas, da Renée Fleming ta 2017 da makaɗan Stockholm duk da ni na Fleming ya min laushi da yawa tana jan kalmomi kamar ba ta son rabuwa da su

Kwamared_Isa:
Battle ta yi kyau har ya wuce misali, matsalar kenan. Kana sauraron muryar ka manta akwai wanda zai mutu

Musa_Kumasi:
Tambaya, tunda yaro namiji ne ke magana me ya sa duk mata ne? Namiji bai taɓa yi ba?

Malam_Solfa:
Suna yi, maza masu siririyar murya wato tena sukan rera shi a zaure lokaci-lokaci. Amma an saba da mace tun daga Steber, kuma idan namiji ya yi muryar na sauka ƙasa ta cakuɗe da makaɗa maimakon ta yi yawo a samansu, sai launin abin ya canza gaba ɗaya, ya koma kamar Agee ne da kansa zaune yana tunani. Wanda ke ɓangaren Ummu cewa babba ne ke magana ya kamata ya so hakan

Ummu_Hanan:
Ban so ba 😂 na ji wani na kashe

Bakatsine77:
Na ari sifikar ƙanina na sa Warfield, wannan kam na ji komai har na yi dariya a wurin agwagwar. Na kuma sa Steber da rubutun a gabana kamar yadda Malam ya ce, ashe har uban na naɗe tiyon ban ruwa a ciki. Price zan sake gwadawa idan na sayi data. Amma wani ya min bayanin wannan Jeremiah na Bernstein da YouTube ke ta turo min, na danna na ji ba Turanci ba ne

Malam_Solfa:
Kiɗan makaɗa ne mai ɓangare uku na Leonard Bernstein, kalmomin Ibrananci ne, makokin rushewar Urushalima, a ɓangare na uku mace ke shigowa. An fara yi a Pittsburgh 1944 da Jennie Tourel, kuma Bernstein sau uku ya ɗauke shi, da Nan Merriman a 1945, da Tourel ɗin a New York, sai Christa Ludwig a 1977. Wannan ma rigima ce mai zaman kanta, ka buɗe masa nasa fos ɗin kar Sadiq ya ce mun kwashe masa mutane

Baba_Garmaho:
A buɗe, ina da magana a kan Merriman. Bari in dawo daga masallaci.